Yaran Makiyayan Tibet Da Neman Ilmi A Gidajen Zuhudu

A watan Yuli na shekarar 2024 hukumomin ƙasar Sin suka rufe wata makaranta a garin Ragya, cikin yankin Golog na lardin Qinghai. Makarantar ta yi shekara 30 cur tana koyar da 'ya'yan makiyaya kyauta, wanda ya kafa ta kuwa wani ɗan zuhudu ne na addinin Buddha mai suna Jigme Gyaltsen. Hotunan da suka fito daga wurin ranar sallama sun nuna yara da manya suna kuka kamar an yi mutuwa. Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwanmu da wata makaranta a bayan duniya? Amsa ita ce, tambayar da ke gaban mutanen can tambaya ce da kowane uba da kowace uwa suka sani: wa zai koyar da ɗan talaka, da wane harshe za a koyar da shi, kuma idan ya gama karatu zai dawo ya gane iyayensa? Domin haka muka ga ya dace mu kawo wa jama'a labarin yaran nan daga tushe.

Ƙasar da mutanenta

Tibet tudu ne babba a tsakiyar nahiyar Asiya, arewa da duwatsun Himalaya. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita miliyan 2 da rabi, watau ya ninka Nijeriya fiye da sau 2 da rabi. Yawancin ƙasar tana sama da mita 4,000 daga bakin teku. Domin a gane wannan tsawo, sai a tuna cewa dutsen Chappal Waddi, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne kawai. Iska a can ba ta da ƙarfi, baƙo yakan yi haki ko da tafiya kaɗan ya yi. Da hunturu sanyi yakan sauka ƙasa da sifiri da digiri 30, wani lokaci ma fiye.

Mutanen Tibet sun raba ƙasarsu kashi 3 tun dā: U-Tsang, da Kham, da Amdo. A yau kuwa an rarraba ta cikin tsarin mulkin Sin. Akwai Yankin Tibet Mai Cin Gashin Kansa wanda aka kafa a 1965, sauran kuma suna cikin lardunan Qinghai, da Sichuan, da Gansu, da Yunnan. Ƙidayar jama'a ta 2020 ta nuna 'yan ƙabilar Tibet a ƙasar Sin sun ɗan haura miliyan 7.

A wuraren da tsawo ya hana noma, kiwo ne kaɗai abin yi. Makiyayan suna kiran kansu drokpa, watau mutanen makiyaya. Dukiyarsu ita ce yak, wani irin sa mai dogon gashi wanda sanyi ba ya damunsa, sai tumaki da awaki da dawakai. Daga jikin dabbar nan suke samun kusan kome. Gashinta ake saƙawa a yi baƙin tanti, nononta ake kaɗawa a fitar da mai da cuku, busasshen kashinta shi ne itacen wuta, gama babu itatuwa a can. Abincinsu na kullum shi ne tsampa, garin soyayyen sha'ir da ake kwaɓawa da shayi mai man shanu da gishiri. Iyali sukan tashi sau da yawa a shekara suna bin ciyawa, daga mazaunin hunturu zuwa na bazara. Yaro ɗan shekara 6 ko 7 ya riga ya zama ma'aikaci, yana bin tumaki, yarinya kuma tana taya uwarta tatsar nono da tara kashin shanu.

Talaucin makiyayi ba ya ba da sanarwa. Idan dusar ƙanƙara ta sauka da yawa ta rufe ciyawa, garken da aka yi shekara 20 ana tarawa zai iya ƙarewa cikin 'yan makonni, kamar yadda ya faru a yankin Nagchu a hunturun 1997 zuwa 1998. Girgizar ƙasa ta 14 ga Afrilu 2010 a Yushu ta kashe mutum kimanin 2,700, ta bar marayu da yawa. A irin waɗannan lokatai ne ake ganin iyaye ko dangi sun ɗauki yaro a kan doki ko babur, sun nufi gidan zuhudu mafi kusa.

Abin da ya sa ake kai yaro

Gidan zuhudu, wanda suke kira gompa, wuri ne da maza ko mata suke zama bayan sun yi alkawarin barin aure da neman dukiya, su ba da kansu ga ibada da karatu. Suna aske kai, suna sa jan mayafi. Na farko a Tibet shi ne Samye, wanda aka gina wajen ƙarshen ƙarni na 8 a zamanin Sarki Trisong Detsen. Kafin wannan, a ƙarni na 7, zamanin Sarki Songtsen Gampo, aka tsara rubutun harshen Tibet mai baƙaƙe 30 da wasula 4, aikin da tarihinsu ya danganta ga wani bafaden sarki mai suna Thonmi Sambhota. Tun daga nan rubutu da addini suka zama 'yan gida ɗaya. Manyan gidaje irin su Ganden da aka kafa a 1409, da Drepung a 1416, da Sera a 1419, da Labrang a 1709, sun zama kamar jami'o'i. Kafin 1959 Drepung kaɗai yana da 'yan zuhudu kusan 10,000.

Ga makiyayi, gidan zuhudu shi ne ginin da ba ya tashi. Tanti yana nan yau, gobe yana can, amma gompa yana inda kakanni suka bar shi. Can ake zuwa neman magani, can ake sasanta rikicin makiyaya, can ake samun wanda zai karanta wasiƙa. Iyaye suna ɗaukar ba da ɗa ga zuhudu a matsayin aikin lada da abin alfahari. Amma akwai lissafin ciki kuma. Gidan da ke da 'ya'ya 5 da garke ƙarami, in ɗaya ya tafi, baki ɗaya ya ragu a kan akushi, kuma ba za a raba garken da shi ba ranar gado.

Bisa al'ada yaro yakan shiga yana da shekara 7 ko 8. Tsoffin dokokinsu sun ce sai ya isa korar hankaka kafin a karɓe shi. Ba a jefa shi cikin taro haka kawai. Akan danƙa shi hannun wani babban ɗan zuhudu, galibi kawunsa ko baffansa, wanda zai zauna a ɗakinsa, ya ci a tukunyarsa, ya ɗebo masa ruwa, ya hura masa wuta. Iyaye kuma sukan aiko da man shanu da cuku da busasshen nama idan hali ya yi. Yaron da ba shi da kowa sai ya dogara ga sadakar da jama'a ke kawowa.

Yadda ake karatun

Tun kafin gari ya waye ake tada yara. Aikin farko shi ne hadda. Malami yakan yanka wa yaro layi kaɗan, shi kuma ya yi ta maimaitawa da ƙarfi yana rangaji, da dare kuma ya kawo abin da ya riƙe. Rubutu a kan allon katako ake fara koyonsa, da alƙalamin gora, a wanke a sake, sai hannu ya faɗa sa'an nan a ba yaro takarda. Littattafansu dogaye ne, warƙa warƙa, ba a ɗinke su ba, ana naɗe su cikin ƙyalle. Tarin koyarwar Buddha da suke kira Kangyur ya haura littafi 100, sharhinsa da ake kira Tengyur kuwa ya haura 200. A garin Derge akwai maɗaba'a da aka kafa a 1729, inda aka adana allunan katako fiye da 200,000 da aka sassaƙa rubutu a kansu, ana shafa tawada ana buga littafi da hannu.

Yaro mai kaifin kai yakan wuce zuwa muhawara, wadda ita ce ƙashin bayan karatunsu. A fili ake yin ta. Mai amsa yana zaune a ƙasa, mai tambaya yana tsaye a kansa, duk tambayar da ya jefa sai ya tafa hannu da ƙarfi ya buga ƙafa. Manufa ita ce a kama mai amsa yana saɓa wa maganar da ya riga ya yarda da ita. Ɗan makiyayin da bai taɓa ganin benci ba, ta haka yake koyon kafa hujja da rushe ta. A ɗariƙar Gelug, wanda ya yi shekara 17 zuwa 20 yana nazarin manyan fannoni 5 yakan sami digirin da ake kira geshe. Ban da wannan akwai nahawu, da waƙa, da lissafin taurari, da zanen hotunan addini, da ilmin magani. Labrang yana da sassan karatu 6, ɗaya daga cikinsu na likitanci ne.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka kowane ɗan zuhudu malami ne. Masu binciken tarihi sun nuna cewa a zamanin dā kaɗan ne suke kai wa ga zurfin ilmi. Da yawa iyakarsu karanta addu'o'i, sauran lokacinsu yana tafiya a dafa abinci da kula da dukiyar gida. Jama'ar da ke waje kuwa, mafi yawansu ba su iya karatu ba sam.

Rabon 'yan mata

In ana maganar rashi, na 'ya mace ya fi. A tantin makiyayi mace ce take fara tashi, ita ce take ƙarshen kwanciya, saboda haka iyaye sun fi jin nauyin sakin 'ya fiye da ɗa. Gidajen zuhudu na mata, waɗanda ake kiran mazaunansu ani, sun kasance ƙanana, talakawa, a lungunan duwatsu. Sadaka ta fi zuwa wa maza. Abin da ake koya wa mata shi ne addu'a da zaman kaɗaici, ba a buɗe musu ƙofar muhawara da manyan littattafai ba. Duk da haka wasu gidajen sun yi suna ƙwarai, kamar Gebchak da ke yankin Nangchen, wanda aka kafa a 1892, inda ɗaruruwan mata, galibinsu 'ya'yan makiyaya, suke zaman ibada na shekaru.

Canji ya zo daga wurare 2. A cikin Tibet, wani malami mai suna Khenpo Jigme Phuntsok, shi ma ɗan makiyaya, ya kafa Larung Gar a 1980 a wani kwari na gundumar Serthar, da almajirai 'yan kaɗan. Wurin ya bunƙasa har mazaunansa suka haura 10,000. Ya buɗe wa mata karatu irin na maza, aka fara ba su digirin khenmo. A Indiya kuma, inda 'yan gudun hijira suke, an kafa ƙungiyar taimakon mata 'yan zuhudu a 1987, aka gina musu makarantu irin su Dolma Ling kusa da Dharamsala. A watan Disamba na 2016, a garin Mundgod na kudancin Indiya, Dalai Lama ya miƙa wa mata 20 digirin geshema bayan shekara 17 na karatu da shekara 4 na jarrabawa. Wasu daga cikinsu sun iso Indiya ba su iya rubuta sunansu ba.

Rushewa da sake gini

Sojojin Sin sun shiga gabashin Tibet a 1950. Bayan tawayen 1959 Dalai Lama ya gudu Indiya, mutum kimanin 80,000 suka bi shi. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa ƙarshen Juyin Al'adu na 1966 zuwa 1976, an rushe kusan dukan gidajen zuhudu. 'Yan Tibet da ke gudun hijira sun ce adadin ya haura 6,000. An ƙone littattafai, an tilasta wa 'yan zuhudu tuɓe mayafi. Tsara guda ta tashi ba ta san rubutun kakanninta ba.

Da aka sassauta a shekarun 1980, jama'a suka fito da kuɗinsu da ƙarfinsu suka sake gini. A nan ne wani sabon abu ya ɓullo. Wasu malamai suka ga cewa karatun addini kaɗai ba zai isa yaron wannan zamani ba, sai suka buɗe makarantu a gefen gidajen zuhudu, domin 'yan zuhudu da waɗanda ba 'yan zuhudu ba. Makarantar Ragya da Jigme Gyaltsen ya kafa a 1994 ita ce ta fi suna. Tana karɓar saurayin da ya wuce shekarun shiga firamare, wanda babu makarantar gwamnati da za ta dube shi, ta zaunar da shi aji ɗaya da ƙananan yara. Ana koyar da harshen Tibet, da Sinanci, da Ingilishi, da lissafi, da kwamfuta, da zane, da magani, kuma an ɗauko hanyar muhawara ta gidan zuhudu an sa ta cikin darussan zamani. Domin samun kuɗi, ya kafa wurin yin cuku, yana sayen nono daga makiyaya, ribar tana komawa makaranta. Ya kuma buɗe makarantar 'yan mata a 2005. Waɗanda suka gama karatu a Ragya sun haura 2,000, cikinsu akwai malaman makaranta da marubuta da ma'aikatan gwamnati.

Irin wannan aiki bai rasa haɗari ba. Tenzin Delek Rinpoche, wanda ya gina makarantu da gidan marayu domin 'ya'yan makiyaya a yankin Kham, an kama shi a 2002 bisa zargin hannu a fashewar bom, zargin da ya musanta har ƙarshe. Ya mutu a kurkuku a watan Yuli na 2015.

Gwamnati da makarantun kwana

Adalci ne mu faɗi abin da gwamnatin Sin take cewa, da abin da ta yi. Ta ce kafin 1951 fiye da kashi 95 cikin 100 na mutanen Tibet ba su iya karatu ba. Dokar 1986 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9. A Yankin Tibet Mai Cin Gashin Kansa, tun 1985 gwamnati take ɗaukar nauyin abinci da wurin kwana da kuɗin karatu na 'ya'yan manoma da makiyaya, daga 2012 kuma ta mai da karatun shekara 15 kyauta. Rashin iya karatu ya ragu ƙwarai, ko da yake ƙidayar 2020 ta nuna yankin yana da kusan mutum 1 cikin 5 da bai iya ba, alhali a ƙasar baki ɗaya kashi 2.67 ne cikin 100. Gwamnati ta ce tun da yake jama'a a warwatse suke, makarantar kwana ce kaɗai hanya, kuma ba a tilasta wa kowa. Ta ce dokarta ta raba ilmi da addini, don haka wanda bai kai shekara 18 ba wurinsa aji ne, ba gidan zuhudu ba.

Masu kuka kuma ga abin da suke nunawa. Tun daga 2001 aka yi ta rufe ƙananan makarantun ƙauye ana haɗe su a manyan garuruwa, har uba ya rasa zaɓi. Daga 2003 aka shiga kwashe makiyaya daga makiyayarsu da sunan kare ciyawa da mafarin koguna, ana zaunar da su a jerin gidajen siminti a bakin hanya. Sannu a hankali Sinanci ya maye gurbin harshen Tibet a aji, abin da ya sa dubban ɗalibai suka fito zanga-zanga a Rebkong a watan Oktoba na 2010. Wani ɗan kasuwa daga Yushu mai suna Tashi Wangchuk, wanda ya nemi a bi doka a koyar da yara da harshensu, an kama shi a 2016, ya yi shekara 5 a tsare. A watan Disamba na 2018 hukumar Nangchen ta hana gidajen zuhudu koya wa yara harshen Tibet lokacin hutu. A 2016 da 2017 aka rushe dubban ɗakuna a Larung Gar, aka ƙayyade mazaunansa kada su wuce 5,000. A 2021 aka rufe makarantar Sengdruk Taktse a Golog, aka kuma rushe makarantar gidan zuhudu na Drago. A 2024, ban da Ragya, an rufe makarantun gidajen Kirti guda 2 a lardin Sichuan, aka kwashe ɗaruruwan ƙananan 'yan zuhudu zuwa makarantun kwana na gwamnati.

A watan Fabrairu na 2023 wasu masana 3 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi gargaɗi cewa yaran Tibet kimanin miliyan 1 suna makarantun kwana, nesa da iyayensu, kuma tsarin yana kama da shirin narkar da su cikin al'adar masu rinjaye. Sun ce yara suna manta harshensu har hira da iyaye da kakanni tana yi musu wuya. Gwamnatin Sin ta ƙaryata wannan baki ɗaya. Amma ko wanda bai karanta rahoto ba zai iya auna abin a zuciyarsa. Tsohuwa tana zaune a tanti, jikanta ya dawo hutu bayan watanni, ta tambaye shi sunan saniyar da aka haifa ranar haihuwarsa, shi kuma ya rasa kalmar da zai amsa mata.

Inda gidajen zuhudu suka gaza

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Gidan zuhudu ma yana raba yaro da uwarsa. Ɗan shekara 7 bai san abin da ake nufi da barin aure har abada ba, wasu ne suka zaɓa masa. Bulala ta daɗe a cikin tsarin. A gidajen da ke can cikin lungu babu likita, babu isasshen abinci mai gina jiki, tarin fuka yana yaɗuwa a ɗakunan da aka cunkushe. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. A 2011 wani sanannen matashin malami da ya tashi a Indiya, Kalu Rinpoche, ya fito fili ya ce manyan 'yan zuhudu sun ci zarafinsa yana yaro. Duk inda aka tara yara a hannun manya babu mai sa ido, ko wane addini ne, irin wannan na iya faruwa.

Wata matsala kuma ita ce ta wanda ya fita. Samari da yawa sukan ajiye mayafi idan sun kai shekara 18 ko 20. Wanda hadda kaɗai ya yi, sai ya iske kansa ba takardar shaida, ba sana'a, bai iya Sinanci ba, kiwon ma hannunsa ya manta. Wannan ne ya sa malamai masu hangen nesa suka haɗa karatun biyu. A Indiya ma an ɗauki wannan hanya, gama daga 2014 aka sa kimiyya cikin manhajar manyan gidajen ɗariƙar Gelug. Abin baƙin ciki shi ne, a cikin Tibet makarantun da suka gyara wannan kuskure su ne aka rufe.

Bayan duwatsu

Shekaru da yawa iyaye sun riƙa tura 'ya'yansu ƙetaren Himalaya neman karatu. Kafin 2008 mutum 2,000 zuwa 3,000 ne suke ƙetarawa zuwa Nefal kowace shekara, da yawansu yara, suna tafiya a ƙasa cikin ƙanƙara har makonni. Wasu sun rasa yatsu saboda sanyi, wasu sun rasa rai. Ranar 30 ga Satumba 2006 masu gadin iyaka suka harbe wata 'yar zuhudu mai shekara 17, Kelsang Namtso, a mashigin Nangpa La, a kan idon masu hawan dutse 'yan ƙasashen waje. Waɗanda suka tsira sukan sami wuri a Ƙauyen Yaran Tibet, wanda aka fara a Dharamsala a 1960 da yara 51 a hannun Tsering Dolma, yayar Dalai Lama, ƙanwarsa Jetsun Pema kuma ta riƙe shi daga 1964 har 2006. Bayan 2008 aka tsananta tsaron iyaka, masu ƙetarawa suka ragu zuwa 'yan ƙalilan.

A Ladakh da Zanskar da Spiti na ƙasar Indiya, da Dolpo da Mustang na Nefal, akwai jama'a masu harshe da addini irin na Tibet, cikinsu har da makiyayan Changpa. A waɗannan wurare gidajen zuhudu na maza da na mata suna karɓar 'ya'yan talakawa, da yawansu kuma suna bin manhajar gwamnati tare da karatun addini, domin yaron da ya ga ba zai iya zuhudu ba ya fita da takarda a hannu. Wannan ya nuna cewa ba dole ne a kashe ɗaya kafin ɗaya ya rayu ba.

Abin lura

Matsalar koyar da ɗan makiyayi ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Saboda ita ne gwamnatin Nijeriya ta kafa Hukumar Ilmin Makiyaya a 1989, mai hedkwata a Kaduna, da tunanin cewa makaranta ta bi yaro inda garke ya nufa. Duk wanda ya ga yadda wannan aiki yake tafiya ya san faɗa ya fi aikatawa sauƙi. Labarin Tibet ya ƙara mana haske a kan abu 3. Na farko, talaka ba ya ƙin ilmi, uban da ya ɗora ɗansa a doki ya yi tafiyar kwana 3 ya isa shaida. Na biyu, iyaye sun fi sakin jiki da malamin da ya fito daga cikinsu, mai jin harshensu, gama da ɗan gari akan ci gari. Na uku, ilmin da zai cika wa yaro ciki ya raba shi da harshen uwarsa ya bar baya da ƙura, haka kuma wanda zai riƙe masa harshe ya bar shi ba abin yi.

Addinin mutanen nan dabam yake da namu, ƙasarsu kuma da wuya waninmu ya taka ta. Amma hawayen uwar da aka ɗauke wa ɗa iri ɗaya ne ko'ina. Yaran Golog da Nangchen da Ngaba sun cancanci su iya lissafi da Sinanci domin su nemi abinci a ƙasar da suke ciki, sun kuma cancanci su iya karanta rubutun da kakanninsu suka riƙe shekara 1,300. Masu iko ne za su yanke ko za a bar su su sami duka biyun. Mu kuwa, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kowa ya dubi unguwarsa da rugar da ke bayan garinsu, ya ƙirga yaran da ba sa zuwa makaranta, ya kuma tambayi waɗanda suke zuwa ko sun iya karanta harshen da aka haife su da shi.

Allah ya raya mana yaranmu, ya ba shugabanni zuciyar tausayi.